Sauya Dikoda Da Layin Waya A Gida: Abin Da Ya Kamata Uwargida Ta Sani Kafin A Fitar Da Kuɗi

  

'Yan'uwana mata, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani abu da ake ɗauka kamar na maza ne, wato maganar sauya kamfanin talabijin, ko layin wayar da ake shiga intanet da shi a gida. Gaskiya ne maigida ke zuwa kasuwa ya sayo, shi ke kiran mai ɗaura kwando. To amma idan ya sa takalmi ya fita, wa ake bari da akwatin da yara? Wa ke shan kukan "Inna, ya ɗauke"? Kuma kuɗin da ake biya duk wata daga ina suke fita, in ba daga aljihun da ke yin cefane ba? Don haka akwai haƙƙinki a cikin wannan shawara, sai dai ba a ba da shawara sai da sani. Zan riƙa yin misali da Bagega da sauran garuruwanmu na Anka, Gummi da Bukkuyum, saboda abin da ya dace da mai zama a Kano ko Kaduna ba lallai ya dace da mu ba, kuma yawancin tallan da muke ji su aka yi wa.

Abin da ya tayar da maganar ba ɓoyayye ba ne. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka cire tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, wato NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100. A watan Maris na 2025 kamfanin MultiChoice, mai DStv da GOtv, ya sake ƙara nasa, inda alal misali tsarin Compact ya tashi daga naira 15,700 zuwa 19,000 a wata. Kamfanin da kansa ya ba da rahoton cewa masu biyansa a Nijeriya sun ragu da kusan miliyan 1.4 tsakanin 2023 da 2025. Kin ga ke nan ba gidanku kaɗai ne ke neman mafita ba. Shi ya sa za ki ji mata na cewa, "Malama, wanga abu ya ishe mu, mu dai a canza muna wani." Canji halal ne, babu wanda ya ɗaura miki aure da wani kamfani. Abin tsoron kawai shi ne a guje wa gara a faɗa wa zago.

Talabijin: eriya ko kwando?

Tambayar farko ba ta sunan kamfani ba ce, ta hanyar da hoton ke iso wa ɗakinki ce. Hanya biyu ce. Akwai dikodar da ke aiki da eriya, wadda ake ɗaura wa a kan dogon ƙarfe ko gora. Ita wannan tana karɓar hoto ne daga turken da kamfani ya kafa a cikin birni, kuma iya nisan da turken ke kaiwa kaɗan ne. GOtv, wanda ya shigo Nijeriya a 2011, irin wannan ne, haka ma ƙaramar dikodar StarTimes da ta fara a 2010 da haɗin gwiwar NTA. Sai kuma dikodar da ke aiki da kwando, wadda ke karɓar hoto kai tsaye daga tauraron ɗan'adam. Ita ba ruwanta da nisan gari, ko a tsakiyar daji ne, in dai kwandon ya kalli inda ya kamata, za ta kama.

Wannan bambancin ne ke jawo asarar da aka fi yi a ƙauyukanmu. Maigida ya je birni, ya ga dikodar eriya tana nuna hoto tangaram a shagon mai sayarwa, ga ta da arha, ya saya ya taho da ita. An iso gida, an ɗaga gora har ta fi bishiyar darbejiya tsawo, babu komai sai rubutun da ke cewa babu sigina. Dikodar lafiyarta lau, turken ne ya yi nisa. Mai shago kuwa ya riga ya ce kayan da aka buɗe ba a mayarwa. Saboda haka ga mai zama a Bagega ko ƙauyukan Bukkuyum da Gummi, ka'idar ita ce kada a sayi na eriya sai an ga irinta tana aiki a wani gida cikin garin, da idonku, ba da labari ba.

Idan kuwa kwando gare ku kuna son barin wani kamfani zuwa wani, to ki sani dikodar kowane kamfani a kulle take da shi. Ta DStv ba ta buɗe tashoshin StarTimes, ta StarTimes ba ta buɗe na DStv, dole a sayi sabuwa. Amma shi kwandon, da wayar da ta shigo ɗaki, da ɗan kan nan da ke gabansa wanda masu gyara ke kira LNB, sau da yawa ana iya ci gaba da amfani da su in suna da lafiya. Abin da ake bukata shi ne a juya kwandon, domin kowane kamfani da inda tauraronsa yake a sama: na DStv yana wajen gabas sosai, a digiri 36, na StarTimes a digiri 5 gabas, Nilesat da ke ɗauke da tashoshin Larabawa kuma a digiri 7 yamma. Na kawo waɗannan lambobi ne don kada mai ɗauri ya ce sai an sayi komai sabo ku yarda nan take. Ku tambaye shi dalili. Wani lokaci yana da gaskiya, domin wani tauraron ya fi son babban kwando, wani lokacin kuma nasa kayan yake son sayarwa.

Wanda ake biya da wanda ba a biya

A nan ne nake son uwargida ta ɗauki biro da takarda. Kuɗin wata na tafiya ko an kunna akwati ko ba a kunna ba. Mu ƙaddara kuna biyan naira 6,000 a wata. A lissafin kamfani, naira 200 ke nan a rana. To amma idan a cikin kwana 30 sau 10 kawai aka samu wuta ko aka iya sayen man janareto, kowane kallo ya tsaya muku a kan naira 600, kafin ma a haɗa da kuɗin man. Wannan shi ne ainihin farashin, ba wanda aka rubuta a takardar talla ba. Gidan da ke da sola da batir mai riƙe wuta, nasu lissafin daban. Gidan da ke dogaro da janareto kuwa, tsarin biyan rana ko na mako irin wanda StarTimes ke da shi yakan fi musu sauƙi, ko da kuwa idan aka tara na kwana 30 zai ɗan fi na wata tsada, saboda ranar da za a kalla kaɗai ake biya.

Sai kwandon kyauta, wanda ake sayen dikoda irin su Strong sau ɗaya, a ɗaura, shi ke nan babu kuɗin wata. Shi ne ya fi yawa a gidajen Arewa tun da daɗewa, kuma ta nan mutane da yawa suka san tashoshin da ke nuna Harami na Makka da na Madina dare da rana, da tashoshin wa'azi da Hausa irin su Sunna TV da Manara. Ita ma Arewa24, tun da aka buɗe ta a 2014 da kyauta ta fara ta tauraron ɗan'adam, kafin a same ta a dikodojin biya. Ga gidan da abin da suke kallo bai wuce karatu da labarai da shirye-shiryen Hausa ba, ni a ganina biyan kuɗin wata kusan almubazzaranci ne, kuma mun san irin kashedin da Suratul Isra'i ta yi a kan masu shi.

Sai dai na kyauta na da nasa aibin, kuma shi ne wanda ba a faɗa a shago. Na farko, tashoshi na sauya mazauni. Yau kina kallon tasha, gobe ta ɓace, sai an kira mai gyara ya sake nemo ta, kuma ba kyauta zai zo ba. Na biyu, wanda ya fi girma, shi ne idan aka yi binciken tashoshi dikodar na kwaso ɗaruruwa, na kirki da na banza, babu mai tacewa. Uwa tana madafa, yaro na riƙe da rimot yana ta latsawa. Don haka ranar da aka ɗaura, kafin mai ɗauri ya karɓi kuɗinsa, maigida ya zauna da shi a bi tashoshin ɗaya bayan ɗaya, a goge na gogewa, a bar waɗanda aka yarda da su, sannan a kulle wurin binciken tashoshi da lambar sirri. Kada a bar lambar da dikodar ta zo da ita daga kamfani, irin su sifili huɗu ko 1234, don yaran yanzu sun riga ki saninta. Dikodojin biya ma suna da wannan makulli, da wurin da ake ƙayyade shekarun mai kallo, amma gidaje kaɗan ne ke taɓa shi.

Akwai maganar ƙwallo, kuma kada mu yi kamar ba mu san da ita ba. A gidaje da yawa ba don uwargida ake biyan kuɗin wata ba, don gasar Firimiya ta Ingila ake biya, wadda tashoshin SuperSport ke nunawa. Idan kika matsa aka yanke, kuɗi sun ragu, amma samarin gida za su koma gidan kallo, su dawo bayan sha ɗayan dare, a yankin da kowa ya san halin da dare yake ciki. Wata uwar za ta ga gara a biya yaro ya zauna a gabanta, wata kuma za ta ga ba za ta ciyar da ƙwallo da kuɗin hatsi ba. Kowacce na da hujja. Abin da ba shi da kyau shi ne a yanke hukunci ba a yi tunanin inda yaran za su nufa ba.

Haka nan gidan da ke da mata biyu ko uku. Akwati ɗaya a ɗakin mace ɗaya ya sha haddasa gaba ta shekara. In za a sauya, lokaci ne mai kyau da za a ba maigida shawara a mayar da shi wurin da kowa ke da iko da shi, kuma a ji ta bakin abokiyar zama kan tashoshin da za a bari, tun da 'ya'yanta ma za su kalla.

Shi kuma mai ɗauri baƙon namiji ne da zai hau rufi ya ga tsakar gida duka. A sa masa lokacin da maigida ke nan, kuma a nemi wanda aka sani a gari. A yi ciniki a gama kafin ya hau, a faɗi ko kuɗin ya haɗa da dawowa gyara idan iskar farkon damina ta karkata kwandon. Ɗaukewar hoto lokacin ruwan sama mai ƙarfi kuwa ba laifin kowane kamfani ba ne, duk kwanduna haka suke yi, kada a sauya saboda shi.

Layin waya da data

A birane akwai masu jawo intanet ta waya har cikin ɗaki. Mu a nan intanet ɗinmu shi ne layin da ke cikin wayar hannu, don haka sauya intanet na nufin sauya layi. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001 da MTN da Econet, wanda ya yi ta sauya suna har ya zama Airtel a 2010. Glo ya zo a 2003, Etisalat a 2008, ya koma 9mobile a 2017, sannan T2 a 2025.

Kafin mu shiga yadda ake yi, bari in ce wani abu ga 'yan'uwan da ke ganin intanet ba ta da wani amfani sai ɓata tarbiyya. Mutanen Bagega shaida ne cewa ba haka abin yake ba. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum sanadiyyar niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje, yara sama da 400 suka rasu. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyuka bakwai, aka bar Bagega tana jira saboda ba a saki kuɗi ba. Sai wasu matasa, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka ɗauki maganar zuwa Twitter a 2012 suna kiran a ceci Bagega, ƙungiyoyi suka mara musu baya, har gwamnatin tarayya ta saki kuɗin a farkon 2013, aka yi aikin, likitocin MSF suka samu damar fara ba yara magani. Yau kuma ta wannan layi ake turo kuɗin cefane daga wanda ya tafi ci-rani, ta nan ake jin labarin hanya kafin a hau mota, ta nan ake sanar da haihuwa da rasuwa. Layi ba kayan ado ba ne a wurinmu.

To wane layi ya fi? Amsar ita ce wanda ke da turke mai aiki kusa da ke. Ba a Legas ake sanin wannan ba, a ɗakinki ake sani. Kafin a kashe ko kwabo, ki roƙi maƙwabciya mai irin layin da kuke sha'awa ta shigo da wayarta, ku gwada a inda kike zama, da hantsi, da kuma bayan isha'i lokacin da kowa ya hau. Ki dubi ɗan harafin da ke saman waya: idan E ya nuna, kira da saƙon rubutu za su tafi, amma hoto mai motsi sai haƙuri, idan H ne da dama-dama, 4G shi ne mai sauri. A gwada na kwana biyu ko uku, domin turakun karkara da man dizil ko sola suke aiki, kuma idan hanya ta yi wuyar bi, mai ba ya isa, sai ki ga sabis ya ɗauke na kwanaki. Sannan a duba wayar kanta, don wayar da ba ta ɗaukar 4G ba za ta yi sauri ba ko wane layi aka sa mata. Shi ma ɗan akwatin nan mai raba intanet, wanda ake kira ruta ko mifi, mafi yawansu a kulle suke da kamfanin da ya sayar da su, kamar dai dikoda.

Kada mu manta da watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe duk layukan waya a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, a zamanin Gwamna Bello Matawalle. Turaku sama da 200 aka kashe, mutane suka riƙa tafiya har maƙwabtan jihohi don su yi kira ɗaya. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi suka ƙara jira. A wancan lokaci babu layin da ya fi wani, duka shiru. Abin da ya ci gaba da magana shi ne rediyo da kwando, domin ba su dogara da turken waya ba. Shi ya sa nake ganin kuskure ne gida ya jingina komai a kan waya, har a yar da rediyo mai batir, ko a kwance kwandon kyauta don an samu data.

Tafiya da lambarki

Da yawa daga cikinmu na haƙuri da layin da ba ya kamawa saboda tsoron rasa lambar da dangi suka sani. Tun watan Afrilun 2013 NCC ta kawo tsarin da ke ba mutum damar komawa wani kamfani da tsohuwar lambarsa, kuma kyauta ne. Ana zuwa ofishin sabon kamfanin ko wakilinsa da katin shaida, a cike takarda, a tura kalmar PORT zuwa 3232 daga tsohon layin, a karɓi sabon sim, cikin kwana biyu lambar ta koma. Amma a lura da abubuwa kamar haka. Kati da datar da suka rage a tsohon layi ba sa bin ki, don haka a cinye su tukuna. Bayan an koma akwai wa'adin da sai ya cika kafin a sake sauyawa, ba yau ki shiga gobe ki fita ba. Kuma farkon lamba ya daina nuna kamfani: mai 0803 da aka sani da MTN na iya zama a Airtel, saboda haka ki riƙa faɗa wa mai tura miki kati inda layinki yake yanzu. Tun da irin waɗannan ofisoshi sai manyan garuruwa, a haɗa da wata tafiyar da ta zama dole, ba a hau hanya don sim kaɗai ba.

Wanda aka yi rajistar layin da sunansa shi ne zai je da kansa. A nan ne matan aure da yawa ke gano cewa layin da suke riƙe da shi shekara goma ba nasu ba ne a takarda, na maigida ne, ko na ƙane, ko ma na wani da ba su sani ba wanda aka saya da rajistarsa a kasuwa. Tun watan Disambar 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN ta mai shi, kuma an rufe layukan da ba a haɗa ba. Sim mai rajistar wani haramun ne a doka, kuma a yankinmu haɗarinsa ya wuce na doka. Haka kuma kada ki ba kowa NIN ɗinki ya yi rajistar layi da shi, ko da ɗan'uwa ne, domin idan aka yi amfani da layin wajen neman kuɗin fansa, sunanki za a fara gani. 'Yar'uwa, ki mallaki layi da sunanki, da sanin maigidanki.

Idan kuwa sabon layi za a saya a ajiye tsohon, to a nan babban haɗarin yake. Layin da ya yi wata shida ba a yi komai da shi ba kamfani na iya rufe shi, daga baya kuma a sayar da lambar ga wani. Idan wannan lambar ce ke haɗe da asusunki na banki, saƙon shigar kuɗi da lambobin sirrin da banki ke turowa wurin baƙo za su riƙa zuwa. Masu asusun OPay ko PalmPay ma su sani lambar wayar ita ce lambar asusun. Don haka kafin a jefa tsohon sim a cikin kwalla, a je banki a sauya lamba, a shiga WhatsApp a yi amfani da wurin sauya lamba don kada a rasa zaurukan karatu da na dangi, a sanar da duk wanda ke turo kuɗi. Mafi sauƙi ma, tun da yawancin wayoyinmu irin su Tecno da itel masu sim biyu ne, a bar tsohon a ciki don kira da banki, a riƙa sa masa ɗan kati lokaci zuwa lokaci, sabon kuma ya ɗauki nauyin data.

Sai bashi. Idan kin ranci kati a tsohon layi, cire sim ba ya sauke shi daga wuyanki. Kasancewar mai bin bashin kamfani ne ba mutum ba bai mayar da shi halal ba, a biya kafin a tafi. Shi kansa rancen katin, wanda ake cire wani kaso tun kafin ya shigo, malamai sun yi magana a kansa, wasu na ganin riba ce, wasu na ganin ladan aiki ne. Wadda ta iya kauce masa ta huta.

Kafin ki zargi kamfani

Sau da yawa korafin "datata ba ta daɗewa" ba sauya layi ne maganinsa ba. Hoto mai motsi shi ne kurar data. Awa ɗaya ta kallon bidiyo na iya cin daga megabait ɗari uku har sama da gigabait ɗaya, gwargwadon kyan hoton, alhali awa ɗaya ta sauraren murya ba ta cika wuce megabait talatin zuwa sittin ba. Mai bin tafsiri da azumi, in ta sauke na murya maimakon na bidiyo, datar mako za ta kai ta wata, kuma karatun bai ragu da komai ba. A shiga WhatsApp a hana shi sauke hotuna da bidiyo da kansa, musamman ga mai zauruka da yawa, inda bidiyon biki ɗaya zai shigo sau biyar. A hana wayar sabunta manhajoji sai an ba ta izini. A kuma duba ko yara na jona wayarsu da taki ba ki sani ba. Datar dare mai arha kuwa, wadda ke fara aiki bayan sha biyu, arharta na fita ne daga barcinki da sallar asuba, kowa ya auna.

Tun 2023 an haɗe gajerun lambobi sun zama iri ɗaya a duk layuka, kin ga ko kin sauya ba sai kin koyi sababbi ba: *310# don duba kati, *311# don loda kati, *312# don sayen data, *323# don ganin abin da ya rage. Idan kati na ɓacewa ba ki yi kira ba, wataƙila an jona ki da wani tsari na waƙar kira ko saƙonnin talla, sai a duba ta *305# a cire. Tura STOP zuwa 2442 na hana saƙonnin talla shigowa.

Wasu za su tambayi Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairun 2023, mai kama intanet daga tauraron ɗan'adam ba tare da turke ba. Yana aiki a inda babu sabis, amma a 2024 kayan kaɗai sun haura naira 400,000, kuɗin wata naira 38,000, kuma an ƙara daga baya, ga shi yana son wuta a kai a kai. Wannan na makaranta ne ko asibiti ko ƙungiya, ba na ɗakin uwargida ba.

Duk abin da aka saya, dikoda ce ko ruta ko sim, a karɓi rasit a adana tare da kwalin, a kuma rubuta lambar da ke jikin dikodar a wani littafi, don da ita ake biya kuma da ita ake kai ƙara. Idan matsala ta taso da layin waya, a fara kiran 300, wato sashen kula da masu hulɗa na kowane kamfani, a nemi lambar ƙorafi a rubuta ta tare da ranar da aka kira. Idan kwanaki sun wuce ba a gyara ba, sai a kira 622, layin NCC na kyauta, a ba su wannan lambar, domin ita za su fara tambaya.